Hoton Tsuntsu Mai Fiffiken Tagulla

Kwarin Tecolote, Arizona
9 ga Agusta, 1976

Yaya Leland,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kuma sanyin Alaska bai daskarar maka da yatsu ba, don wata biyu ke nan ba mu ga rubutunka ba. Mu dai mun gode Allah. Jikin Mama da sauƙi. Ɓarin daman da ya shanye har yanzu bai motsa ba, amma tana cin abinci da kanta, kuma kalmomin da take iya furtawa sun kai ashirin. Wadda ta fi fita sarai ita ce "a'a".

Damina ta sauka, 'yan sha-fure sun cika bayan gida. Kwalaben ruwan sukari shidan nan na marigayi Baba, sau biyu nake cika su a rana. Tsuntsu bai kai babban yatsa ba, amma faɗa kamar zakara. Wani mai shuɗin wuya ya kama kwalbar kusa da baranda, ya tsaya cak a iska yana gadi, ba ya sha, ba ya bari a sha. Duk lokacin da na gan shi sai in tuna da kai.

Kyamarar da ka kafa a baranda, lokacin da ka yi mana kwana huɗu a watan Mayu, uku daga ciki a bayanta, tana nan da filasha ukun da ka ɗaure a ginshiƙi. Dalilin wasiƙar ke nan. Wani baƙon tsuntsu ya fara zuwa, kore shar daga kai har ƙirji, fiffikensa kamar tagulla. Maƙwabciyarmu Ofelia ta ce ta san irinsa a gidan kakarta a Sonora, can tsallaken iyaka, amma ba ta taɓa ganinsa a wannan ɓangaren ba.

Kwana goma sha tara aka yi ana dakonsa. Ga fim ɗin nan na naɗe a safa. Da hannun hagu aka ɗauka, in ya karkace ban da dariya. Ka wanke da kanka, ka nuna wa wanda ya san tsuntsaye ya gaya mana sunansa. Ka turo da wuri, ana jira.

Ƙanwarka,
Wilma


Fairbanks, Alaska
2 ga Satumba, 1976

Wilma,

Na samu wasiƙarki, na ji daɗin sauƙin Mama. Ki gaishe ta, ki ce mata tana raina. Ni lafiya ƙalau sai ciwon baya. Yatsuna ba su daskare ba, aiki ne. Awa goma sha biyu nake yi ina ɗaukar hoton bututun mai, tun daga inda aka yi walda har inda aka binne. In na dawo masauki, alƙalami ma nauyi yake mini.

Na wanke fim ɗin. Cikin talatin da shida, talatin da biyar shara ne: wutsiya, bakin kwalba, iska zalla. Amma ɗaya, Wilma! Fiffike a buɗe, kowane gashi ana iya ƙirga shi, harshe a waje. Na daɗe a tsaye ina kallonsa ruwa na ɗiga.

Ban yi mamaki ba dai. Bazara uku na yi ina auna nisan kwalbar nan da tsayin ƙafar kyamara da inda kowace filasha za ta haska, kina cewa ina ɓata lokaci. Abin da ya rage latsawa ne kawai, kuma ke bahaguwa ce tun haihuwa, ba sai kin ba da uzuri ba. Roƙona ɗaya, kada ki taɓa saitin. Zan nuna wa masana kamar yadda kika ce, sannan in fitar da babba in turo muku.

Ki riƙa fitar da Mama tana shan iska. Kuma ki riƙa wanke kwalaben da ruwan zafi duk kwana biyu, na san halinki.

Yayanki,
Leland


Kwarin Tecolote
6 ga Disamba, 1976

Yaya,

Da fatan bayan ya yi sauƙi. Mama ta yi mura ta warke. Ina fitar da ita shan iska, na gode da tunatarwa, da ba ka faɗa ba da ban sani ba.

Ina hoton? Kullum ƙarfe goma sha ɗaya sai ta sa na tura kujerarta har bakin titi wurin akwatin wasiƙu. Mai kawo wasiƙa har ya fara girgiza mana kai tun daga nesa. Tsuntsayen sun yi kudu, saura guda biyu masu taurin kai. Wata uku, Yaya. Ko a ƙafa aka aiko shi ya isa ya iso.

Batun Kirsimeti, in zuwan kwana huɗu za ka yi irin na Mayu, ka yi zamanka. Mako biyu take yi ba ta cin abinci in ka tafi.

Wilma


Kwarin Tecolote
18 ga Afrilu, 1977

Leland,

Ina fata kana lafiya, don ina so ka karanta wannan da cikakken hankalinka. Mama tana nan, ta rame.

Ranar Asabar ta makon jiya ina shanya a bayan gida, sai ga wani mutum ya leƙo ta saman shinge, tabaron hangen nesa a wuya. Ya ce daga Ohio yake. "Don Allah nan ne gidan Mista Tillery?" Na ce Mista Tillery ya shekara shida a kabari. Ya ce, "A'a, mai hoton nake nufi." Ya zaro mujallar masu kallon tsuntsaye ya buɗe mini. Shafi guda cur. Tsuntsunmu, kwalbarmu, da sunan kwarinmu. A ƙasa an rubuta: Hoto, Leland Tillery.

Jiya Lahadi mota goma sha ɗaya na ƙirga a ƙofar gida. Sun tattake furannin Baba. Wata ta roƙi banɗaki, na same ta tana leƙa ɗakin Mama. Da na fitar da Mama shan iska, wani mai gajeren wando ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, ko za ki ɗan matsar da tsohuwar? Tana shiga mini hoto."

To bari ka ji wace ce tsohuwar. Ita ta ɗauki hoton. Ba ni ba ce, ban taɓa kyamararka ba sai don goge ƙura. Mama ce, da hannun da ya rage mata. Na ga a wasiƙarka ka ɗauka ni ce, na so in gyara maka, ta hana. So take ta ga hoton a hannunta tukuna, in ya fito da kyau ta ba ka mamaki, in bai fito ba kada kowa ya sani. Kunya take ji.

Ta jira har sabuwar shekara. Ran nan ta nuna kyamarar da haɓa ta ce, "Rufe." Na ce Mama ai Leland ya ce ɗaya ya yi kyau. Ta ce, "Tausayi." Wato tausayinta ka ji ka faɗi haka. Tun daga ranar ba ta sake zama a baranda ba.

Ban nuna mata mujallar ba, kuma ba zan nuna ba. Na ce mata baƙin sun ɓata hanya ne. Ka gaya mini yadda mutum yake satar abu daga hannun uwarsa, hannun ma guda ɗaya.

Wilma


Fairbanks
22 ga Mayu, 1977

Wilma,

Ina gaishe da Mama. Ramar da kika ce ta yi ta tayar mini da hankali, ki kai ta wurin likita. Ni mako biyar na yi a sansanin arewa, shekaranjiya na dawo na tarar da wasiƙarki. Da na ga kalmar sata sai da na zauna.

Wasiƙarki ta Agusta tana gabana. Kin rubuta, "ka nuna wa wanda ya san tsuntsaye." Su wa suka fi masu mujallar sanin tsuntsaye? Na nuna musu, suka gaya mini sunansa, suka ce za su buga. Kyamarar tawa, fim ɗin nawa, filasha tawa, aikin bazara uku nawa. Sunan wa kike so su sa? Sunan kwari kawai na ba su. Ba laifina ba ne da gidaje huɗu ne kaɗai a kwarin.

Hoton kuwa, na fitar da babba tun Oktoba, na sa masa gilashi da katako, na ce ba zan ba gidan waya su fasa ba, da hannuna zan miƙa wa Mama ranar Kirsimeti. Na riga na yanki tikiti. Sai ga takardarki: "ka yi zamanka." Na yi zamana. Na ci wake na gwangwani ni kaɗai a masauki. Hoton yana ƙarƙashin gadona har yau.

Maganar cewa Mama ce ta ɗauka, ki yi haƙuri, ban yarda ba. Matar da na bari ba ta iya ɓalle maɓallin rigarta? Tsuntsun nan kafin ki ƙifta ido ya wuce. Ke kika latsa, kin ga sunana a mujalla, abin ya ci miki rai, kin san in kika ce ke ce ba wanda zai damu, sai kika jawo Mama. Tun muna yara haka kike. In kina son kekena ba kya cewa ina so, sai ki ce Mama ta ce in ba ki.

Kin zauna da ita, na sani, Allah ya saka miki. Amma zaman bai mayar da ita taki ke kaɗai ba.

Leland


Kwarin Tecolote
7 ga Yuni, 1977

Leland,

Gaisuwarka ban isar ba. Na kai ta wurin likita tun kafin ka ba da umarni, ya ce jikinta lafiya, zuciyarta ce ba ta so.

Cewa na yi in kwana huɗu za ka yi ka zauna. Mai son zuwa da ya karanta haka, kwana goma zai yi. Kai kuwa ka ga ƙofa a buɗe ka fice.

Tunda ba ka yarda ba, saurara. Doguwar wayar kyamarar nan da ake latsawa a ɗauki hoto, na ɗaure mata ita a hannun kujera da igiyar takalmi. Daga ƙarfe shida na safe har rana ta iso baranda tana zaune, ba ta yarda in kawo mata ko shayi, kada motsina ya kore shi. Babban yatsanta har ya yi kanta. Ba ido take bi ba, kunne take bi, don ƙarar fiffikensa ta bambanta da ta sauran. Shekara arba'in tana jin su daga tagar kicin.

Saitin da kake taƙama da shi kuma, a rana ta uku ta sa na matso da kwalbar taƙi guda, na juya filasha ta tsakiya ta kalli sama. Da haɓa take nuna mini, in na yi daidai ta ce "to", in na kauce ta ce "a'a" har sau goma. Bazara uku ka yi ba ka samu ko ɗaya ba. Ka tambayi kanka dalili.

Na sa sarƙa da kwaɗo a ƙofar shinge, na sauke kwalabe huɗu. Ba baƙon da zai sake shigowa. Nagatif ɗin, wato wankakken fim ɗin, yana hannunka, kai ne gwani, ka duba da kyau. Sannan ka rubuta wa mujallar su gyara. In sun gyara zan nuna mata da sunanta a ƙasa. Kafin nan ba ta da labari.

Wilma


Fairbanks
10 ga Yuli, 1977

Wilma,

Da fatan kuna lafiya ke da Mama. Ni ba na jin daɗi.

Na duba. Na ƙara girman gefen kwalbar har sau ashirin. A jikin gilashin akwai inuwar baranda. Ga kujera mai taya, ga bargon nan mai ruwan toka, ga farin kai. Ba kowa a tsaye a bayanta. Mama ce. Abin da na faɗa a kanki na janye.

Yanzu ki saurare ni har ƙarshe kafin ki yaga takardar. Saboda hoton nan, masu mujallar sun ce za su tura ni Kosta Rika a watan Janairu, wata biyu, in ɗauko musu irin tsuntsayen nan. Shekarata arba'in da ɗaya. Tun ina ɗan sakandare nake aika hotuna ana dawo mini da su. Wannan ne karo na farko da wani ya kira ni da sunana ba don bututu ba. In na rubuta na ce ba ni na ɗauka ba, shi ke nan, ba za su sake buɗe ambulan mai sunana ba.

Mama ba ta sani ba, ke kika faɗa. Me zai rage mata in aka bari har in dawo? Zan zo a Afrilu in yi wata guda, in durƙusa in gaya mata da bakina, in kawo mata hoton. Ita sunanta a mujalla me zai ƙara mata a shekara saba'in da uku?

Kuma kafin ki hau ni da wa'azi, ke da kika kulle ta da kwaɗo kina mata ƙarya tun Afrilu, ba ki fi ni tsabta ba.

Leland


kwarin tecolote
14 ga agusta

Leland ɗana,

Ina gaishe ka. Yaya bayan. Ni lafiyata lau.

Da yatsa ɗaya nake buga wannan a tafiretan babanku. Yau kwana huɗu ina yi. Ofelia za ta kai gidan waya.

Na ga mujallar. Ofelia ta kawo mini ranar da Wilma ta je kasuwa. Ta ce ta gaji da yi mini ƙarya. Hoton ya yi kyau. Na yi kuka. Daga baya na ga sunan.

Na karanta wasiƙunka duka. Wilma tana ɓoye su a gwangwanin fulawa. Ta manta kicin ɗina ne.

Bakina ne ya lalace. Kaina yana nan.

Kai ka ɗauke mini hoto. Ita ta ɗauke mini labari ta kore mini baƙi. Kowannenku wai don ni. Ba wanda ya tambaye ni.

Ka ce me sunana zai ƙara mini. Shekara arba'in ina dafa ruwan sukari. Babanku yana zaune yana rubuta tsuntsaye a littafi. A bangon littafin sunansa ne. Ban ce komai ba. Wannan karon ina so.

Sunana Opal Tillery. Ka rubuta musu kafin ƙarshen wata. In ba ka rubuta ba ni zan rubuta. Zan daɗe amma zan gama.

Ba na son durƙuso. Ka turo hotona. In gilashi ya fashe ya fashe.

Kosta Rika in hotonka ya kai ka, ka je. Nawa ba zai kai ka ba.

Mahaifiyarka


Kwarin Tecolote
20 ga Nuwamba, 1977

Leland,

Da fatan kana lafiya. Mama ta ce in gaishe ka, ga shi na isar. Ta yi ƙiba, tana cin komai.

Mujallar ta iso ranar Talata. Gyaran layi uku ne a shafin kusa da ƙarshe, ƙarƙashin tallar takalmi: hoton da aka buga a fitowar Maris, Misis Opal Tillery ce ta ɗauka. Ta sa na karanta mata sau biyu, sannan ta karɓa ta karanta da kanta, wai ko na tsallake wani abu. Na ji sun janye tafiyar Janairu. Ba zan ce na yi murna ba, ba zan ce na yi baƙin ciki ba.

Hoton ya iso tun Satumba, gilashin bai fashe ba. Yana falo.

Ni ma na samu rabona, in hakan zai sanyaya maka rai. Mako biyu ta yi ba ta kalle ni ba. Ta sa na cire sarƙar a gabanta, na mayar da kwalaben suka koma shida. Har tsuntsayen suka tafi, duk Asabar da safe ƙofa a buɗe take, tana zaune a baranda da sandar Baba tana nuna wa kowa inda zai tsaya. Wanda ya taka fure ta ce masa "Fita," kuma ya fita. Mai fiffiken tagullar bai zo ba bana. Ta ƙarar da fim huɗu a kan sauran, Ofelia ke kai mata su a wanke a Bisbee.

Ran nan ina gyara mata bargo ta riƙe mini hannu ta ce, "Aiki. Tafi." Na ce Mama wa zai kula da ke? Ta ce, "A'a. Tafi." Don haka daga watan gobe zan koma aikina na laburare a Tucson kwana uku a mako, Ofelia ta zauna da ita. Shekara biyu na ajiye komai nawa, ashe ni ma cika mata baranda nake yi.

Ta ce ka zo a Afrilu. Ka gaya mata ranar, in shirya zama a Tucson a makon da za ka zo.

Daga yau ka rubuto mata kai tsaye. Ambulan mai sunanta ba zan ƙara buɗewa ba. Mai sunana kuwa, kada ka wahalar da kanka.

Wilma